Gaba Goma Sha Huɗu

Shi ya fara ganin ruwan, kafin kowa. Ko daga barci ka tashe shi haka zai gaya maka, kuma ba zai rage maka kalma ɗaya ba. Shekarar da kogi ya haura gada ya shiga kasuwa, ma'aikatan da aka ɗauka don su duba ruwa suna can suna hura shayi, shi kuwa Baba Mai Fito yana tsakiyar kogi, jirginsa cike da fasinja. Ya ga ruwan ya koma ja. Ya ga kumfa na tahowa da karmami da ƙyauren ɗakin wani bawan Allah. Bai shawarci kowa ba ya juya jirgin, fasinja na zaginsa, har wata mata ta kwaɗa masa lema a ƙeya. Ya sauke su inda ya ɗauko su, ya ruga gida, ya kunna rediyonsa na oba-oba, ya buɗe maƙogwaro ga garuruwan gangare: ku kwashi yara ku hau tudu!

Lantarki ya ɗauke, salula duk suka zama duwatsu a aljihu. Muryarsa kaɗai ta fita, da batirin mota da wata siririyar waya da ya ja daga tagar ɗakinsa zuwa bishiyar bayan gida. Yana cikin magana ruwan ya shigo, ya ɗauke shi da kujerarsa, ya maka shi da katangar maƙwabci, ya karya masa kafaɗar hagu, sannan ya tofar da shi a kan rufin wani shago.

"Ɗanɗana ni ya yi," in ji shi, "ya ji ɗaci."

Tun daga nan kiran safe ya zama nasa. Da damina ta faɗi, kullum da safe zai tsaya a ƙofar gida ya dubi ƙafar gada, ya ga inda ruwa ya kwana, ya dawo ya zauna gaban rediyo. Masu irin wannan rediyo a garuruwan gangare, wani direba, wani mai kemis, wani mai gyaran famfo, duk suna jiransa a kan mita arba'in. In ya ce a tura jirage, a tura. In ya ce a janye dabbobi daga fadama, a janye. Ko sunansa bai iya rubutawa ba, lasisin rediyon ma da baki ya amsa tambayoyinsa. To sai me? Ruwa, in ji shi, ba da biro ake karanta shi ba.

Bana ne abin ya zo da gardama. Yana kwance a asibiti an yi masa aikin ido, iska ta tashi ta kayar da bishiyar, masu sayen tsohon ƙarfe suka bi ta bayan gida suka nannaɗe wayar suka yi gaba. Da ya dawo ya tarar da taga babu waya, a kan tebur kuma ga wani kwali. Autarsa ce ta aiko, wadda ke aikin jinya a wani gari. Ta lura yatsunsa sun sandare, ba sa iya murɗa maɓallan tsohon akwatinsa na saiti, wanda ke daidaita rediyo da waya kafin murya ta fita. Wannan sabon ba ruwansa da murɗi. Maɓalli ɗaya za ka danna, ya yi ƙwaras-ƙwaras ɗinsa, ya saita kansa da kansa, koriyar fitila ta kama. Da Baba ya ji kukan abin sai ya sa masa suna Zabuwa.

Batun waya bai ba shi tsoro ba. Tsohon matuƙin jirgin da ya koya masa rediyo tun yana saurayi, shi ya tsayar da shi wata rana ya ce ya buɗe hannuwa, ya dube shi daga wannan yatsa zuwa wancan, ya ce, "Gaba goma sha huɗu. Ba da hannun kowa ba, da naka." Da wannan awon ya ja wayar da ta ceci garuruwa, da shi zai ja wannan. Ya sayo sabuwa mai jan ƙarfe, ya fito tsakar gida, ya ba matarsa, tsohuwa kamarsa, ƙullin ta riƙe. Ya kama baki da hagu, ya ja da dama, ya buɗe ƙirji, ɗaya. Ya sake, biyu. Da ya kai sha huɗu ya datse.

Tsohuwar ta bi wayar da ido har inda ta ƙare.

"Maigida, ba ta kai kututturen bishiyar ba fa. Waccan har can take kaiwa."

"Waccan ta tsufa ne ta saki jiki. Waya tana ja da shekaru. Ke ba ki ja ba?"

"Ni dai tsukewa na yi."

"To riƙe min ƙarfen nan ki bar maganar da ba taki ba."

Aka kafa dogon ƙarfe inda wayar ta tsaya, aka ɗaure. Ya koma ɗaki, ya gyara zama, ya gyara hula, ya danna maɓalli. Zabuwa ta fara kuka. Ta yi, ta yi, ta yi, kamar an shiga akurkinta da sanda, sannan ta yi tsit, jar fitila ta kama. Ya sake dannawa. Ja. Ya ce bari ya yi magana a hakan, ya kai bakinsa kusa da abin maganar, ƙarfen ya ɗana masa wuta a leɓe har ya ciji harshe.

Abin da ya fi ƙona masa rai, da ya murɗa rediyon zuwa mita tamanin, kafin ya ɗauke yatsa koriya ta kama. Amma wa ke can da safe? Babu kowa sai ƙara kamar ana suya. Ya dawo arba'in inda mutanensa suke, ja. A nan ya tabbata abin ba lalacewa ba ne, raini ne.

Ya tashi haiƙan. Ya ƙara buga guntun ƙarfen da ke haɗa rediyon da ƙasa da guduma har ya nutse, ya sa tsohuwar ta riƙa juye ruwan wanke-wanke a gindinsa. Ya kankare kowane mahaɗi da wuƙa har yana ƙyalli. Ya ɗauki batir a baro ya kai caji ya dawo da shi. Ya juya Zabuwa ta kalli bango, ya juyo ta, ya ɗora ta a kan katako, ya mare ta sau ɗaya. Ya sauke wayar ya sake aunawa, sha huɗu cif. Ya mayar, ya sake saukewa, sha huɗu.

Shi kuwa kunnen rediyon lafiya lau, wannan ce azabar. Kullum da safe yana zaune yana jin su.

"Baba Mai Fito, kana ji? Baba Mai Fito."

Shiru.

"Anya tsohon nan ya fito daga asibitin kuwa?" Muryar direban ce.

"Ya fito," in ji mai kemis. "Wai sabon akwati ne ya gagare shi. Jama'a, hadari ya fara haɗuwa a gabas. In ruwa ya kankama ba mu ji shi ba, Tela ya karɓi kiran. Ai garinsu ɗaya."

Tela! Mutumin da ko kwata zai tsallaka sai ya tattare wando ya yi addu'a.

Da yamma sai ga shi ya shigo, tef rataye a wuya kamar kullum. Ƙanin tsohuwar ne, shi ma yana da nasa rediyon a bayan shago. Furfura ta cinye masa kai, amma a wurin Baba har gobe yaro ne. Shi kuma Kada yake kiran Baba, saboda zaman kogi.

"Yaya, ina Kadan naki? An ce ya daina kuka."

"Yana ciki yana dambe da zabuwa."

Tela ya leƙa ɗaki. "Kada, sannu da jiki. Ido ya buɗe, baki ya rufe?"

"Wa ya kira mai allura? Nan aikin maza ake."

"Danna mu ji."

Ya danna. Tela ya karkata kai yana sauraro har jar fitila ta kama, sannan ya dubi leɓen Baba da ya tasa.

"Akwatin nan lafiyarsa ƙalau. Abu ɗaya ne ba ya so, rabi. A mita arba'in muke magana. In waya ta faɗa kan rabin haka, ashirin ko kusa da ashirin, sai ta rufe baki. Kamar ka ce za ka ɗura ruwa a kwalba da murfinta. Ya tura, ya tura, ta ƙi karɓa, abin ya dawo maka ɗaki. Shi ne ya cije ka. Ko ka ƙara mata ko ka rage. Kawo in sa tef."

"Ka sa wa wa tef? Wayata wandon wani ce?"

"To mita nawa ce?"

"Gaba goma sha huɗu ce."

"Na ji. Mita nawa?"

"Kai da mita! Ranar da ruwa ya zo, da mita ya zo? Kana ina ma ranar? Kana kan teburin yanka, rungume da keken ɗinki, kana kiran Yaya, Yaya."

"Keken sabo ne, Kada."

Tsohuwar ta ƙyalƙyale da dariya daga tsakar gida.

"To datse gaba biyu ka huta," in ji Tela.

"In rage? Ni? Ruwa bai rage ni ba sai akwati mai kukan zabuwa? Sha huɗu aka ce min, sha huɗu ta yi magana kogi ya ji kunya. Ba ƙari, ba ragi."

Tela ya miƙe, ya gyara tef a wuya. A bakin ƙofa ya tsaya, wannan karon babu wasa a muryarsa.

"Ni fa ba son kiran nan nake ba. Ruwa ko a bokiti ban iya karanta shi ba. Amma mutane suna da shanu a fadama. In ba a ji ka ba, dole wani ya buɗe baki."

Da ya fita tsohuwar ta shigo ɗauke kofuna.

"Ka riƙa duba ruwan mana ka gaya masa, shi ya faɗa."

"Idona a kan kogi, maganata a bakin tela? Ranar da kika ji haka, ki tabbata an riga an binne ni."

Ruwan ya sauko da sassafe. Ba yayyafi ba, ruwa na gaske, irin wanda ke zama. Baba ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon wayar tana ɗiga, ya ce zai sake sauke ta. Tsohuwar ta san ba ta isa ta hana shi ba. Ta buɗe akwatin kaya ta tono masa tsohuwar rigar ruwansa.

"Sa wannan. Likita ya ce kada ruwa ya shiga idon."

Rigar nan ita ce a jikinsa ranar da kogi ya ɗauke shi, tun daga nan kuma take ninke. Tela ne ya ɗinka masa ita da tamfol, tun Telan na koyo, don duk rigar kasuwa hannunta a gwiwar hannu yake tsaya masa. A lokacin in ya buɗe hannuwa, bayan rigar kan ɗame kamar fatar ganga. Ya zura ta, ya fita, ya kwance wayar, ya kama baki da hagu, ya ja da dama, ya buɗe ƙirji.

Ɗaya.

Bayan rigar bai ɗame ba. Ya ji tamfol na reto a tsakanin kafaɗunsa. Ya ɗaga kai, idonsa ya faɗa kan gilashin taga, sabon idon nan da likita ya wanke masa, wanda yanzu ko tururuwa a bango ba ta wuce shi. Ya ga wani tsoho a cikin ruwa riƙe da waya. Hannun dama ya miƙe, ko shi ba sosai ba. Na hagu kuwa ya tsaya a hanya, gwiwar a lanƙwashe, kafaɗar a ɗage, kamar fiffiken kazar da aka taka. Ya yunƙura ya buɗe shi. Kafaɗar ta ce nan ne iyaka. Shi a jikinsa ji yake ya buɗe har ƙarshe, yadda ya saba. Gilashin ya ce da saura, saura mai yawa, kusan taki biyu.

Ya daɗe a haka, ruwa na sauka a kan hularsa. Tsohuwar tana tsaye a ƙarƙashin rumfa, ta ga ya gani.

"Ai na daɗe da sauko maka da ƙusar da kake rataye hula," ta ce a hankali.

"Ba wanda ya tambaye ki."

Ashe ruwan bai tafi hannu banza ba. Ya kasa haɗiye shi gaba ɗaya, sai ya koma yana gutsurarsa kaɗan-kaɗan ta kafaɗa, shekara bayan shekara, a ɓoye, irin na ɓarawon da ba shi da zuciya. To an kama shi. Kuma bai isa ba. Matuƙin nan bai yi ƙarya ba, sha huɗu ce. Abin da ya rage a nemo hannun da aka auna da shi, hannun kuwa yana nan a jikinsa, da tamfol aka ɗinka shi.

Ya yar da wayar ya fita, ko takalmi bai sauya ba. Ya ratsa layin masu gyaran babur, ya bi ta gaban kemis, mutane a ƙarƙashin rumfuna suna ce masa Baba ina zuwa a ruwan nan, ya wuce abinsa. Ya sami Tela ya shimfiɗa yadin wani a kan tebur zai yanka. Ya ture yadin gefe, ya tuɓe rigar tana zuba, ya shimfiɗa ta.

"Kai, Kada, yadin mutane!"

"Kama wancan hannun. Ja. Ja sosai, ba za ta yage ba, ko da yake kai ka ɗinka."

Tela ya kama, ya ja. Rigar ta miƙe daga wannan gefen tebur zuwa wancan. Baba ya ɗora tafin hannunsa a bakin hannun rigar na dama, ya ce a ja alli a ƙarshen yatsa. Ya zagaya ya ɗora a na hagu, aka ja alli. Tafin hannu dai ruwa bai taɓa shi ba.

Tela ya dubi zanen allin biyu, ya dubi kafaɗar mijin yayarsa.

"Me kake kallo? Yanko min ƙyalle daga nan zuwa nan. Mai ƙarfi, wanda ba ya ja."

Ya yanko daga ragowar tamfol. Yana miƙa masa, tef ɗin wuyansa ya zamo kamar da kansa ya kwanta a kan ƙyallen.

"Mita ɗaya da tamanin. Sau sha huɗu, ashirin da biyar da 'yan kai." Tela ya yi murmushi. "Wallahi tsohon matuƙin nan ya san abin da yake yi. Ya tsallake rabin da nisa."

"Ban tambaye ka ba. Ɗauke macijin nan daga kan hannuna."

Tare suka dawo, Tela da lema, Baba da ƙyalle a kafaɗa. Suka bi wayar da ƙyallen a cikin taɓo, tsohuwar na ƙirga musu daga rumfa. Sha ɗaya da ɗan guntu, wayar ta ƙare.

"Ashirin cif," Tela ya ce da ƙaramar murya. "Ko da gangan aka yi sai haka."

Baba ya ɗauko ragowar ƙullin, ya auna cikon da ƙyallen. Tela ya miƙo hannu zai haɗa masa, ya buge hannun. Yatsu sun ƙi lanƙwasa, ya kama da filaya. Filaya ta zame, ya kama da haƙori. Ya nannaɗe bakin biyu, ya sa tsohuwar ta kawo garwashi a kasko, ya narka dalma ya bi mahaɗin har ya rufe, Tela na riƙe masa lema yana cewa a hankali, idon, idon. Sannan suka tumɓuke dogon ƙarfen, su biyu tsofaffi suna nishi suna zagin juna, suka ja shi baya suna bin wayar. Inda ta ƙare, nan kututturen bishiyar yake. Daidai, kamar an zana.

Tsohuwar ta yi tari. Tarin ma ya isa.

Suka ɗaure ƙarfen a jikin kututturen. Baba ya shiga ɗaki da taɓo har gwiwa, ya zauna, ya danna maɓalli. Zabuwa ta ce ƙwaras, ƙwaras, ta yi shiru. Koriya.

"Ka ga?" Ya juyo ga Tela. "Me na gaya maka tun farko? Sha huɗu."

"Haka ka ce, Kada."

Ruwan bai ɗauke ba sai da gari ya sake wayewa. Da safe ya tsaya a ƙofar gida ya dubi ƙafar gada. Ya dubi launin, ya dubi kumfa, ya dubi yadda ruwan ke murɗawa a bayan ginshiƙi na tsakiya. Ya dawo ya zauna. Mai kemis ya riga ya fara.

"To, tunda ba mu ji Baba ba, Tela, kana nan?"

Ya bar shi ya kai aya, sannan ya danna.

"Tela yana shago yana ɗinki. Mai Fito ke magana."

Rediyon ya ɗauki hayaniya, kowa na son magana a lokaci ɗaya.

"Baba! Ashe kana da rai!" in ji direban. "Muryar kamar kana cikin motata."

"Rai sai na binne ka. Ku saurara, ba hira na zo ba. Ruwa ya kwana a kan wuyan ginshiƙi, kuma ja ne, na sama ne ya taho. Kada jirgi ya fita yau. Ku aika fadama a janye shanu kafin rana ta take. Mai famfo, ka maimaita mu ji ko kunnenka na aiki."

Mai famfo ya maimaita. Aka janye shanu. Kafin la'asar fadamar ta zama tafki, ko ɗan maraƙi bai jiƙe ba.

Ƙyallen tamfol yana nan rataye a jikin taga, a kan ƙusa, kusa da hula. In baƙo ya tambaya mene ne wannan, sai Baba ya ce hannunsa ne. Wai akwai masu cewa a gari ƙari ya yi wa wayar, Tela ne ya gyara masa lissafi. To, ga gida nan, ba a ɓoye yake ba, duk wanda ya tsaya a kan gada zai hango ƙarfen. Mai shakka ya zo. A sauke masa wayar, a ba shi hannun Mai Fito ya auna da kansa, tsohuwa ta ƙirga. In ya sami sha uku ko sha biyar, ya ɗauki rediyon da Zabuwa da kujerar ya tafi da su, kiran safe ma an bar masa. Amma ya zo da ƙarfinsa na tumɓuke ƙarfe, ya kuma bar tef ɗinsa a bakin ƙofa.